Yadda na bi sawun matar da ta yi rainon mahaifiyata a Ingila kan fam uku a mako

Akwai gidaje da dama a Najeriya da Ghana da suke da wani dattijo ko dattijuwa da aka haifa a Ingila tsakanin shekarun 1950 da 1970, aka miƙa wa wata Baturiya raino ana biyanta duk mako, sai da yaro ya yi wayo aka dawo da shi gida. Galibinsu 'ya'yan ɗaliban Yarabawa ne da na mutanen Ghana, amma cikin 'yan Arewa da aka tura karatu su ma an samu waɗanda suka bi wannan hanya, kuma Ummata tana cikin yaran. A Landan aka haife ta a 1962, aka kai ta raino tun ba ta fara zama ba, ba ta dawo hannun iyayenta ba sai da ta doshi shekara shida. Bayan ta haura sittin ne ta ce mini tana so ta san sunan matar, da garin, da ko akwai wanda ya yi saura a gidan. Ina aikin jinya a arewacin Ingila, don haka ni aka ɗora wa. Abin da ya fi wahalar da ni, wanda kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne hukumomin Birtaniya ba yaron suke buɗe wa fayil ba a irin wannan raino. Gidan da aka kai shi da matar da ta karɓe shi su ake rubutawa. Duk wanda ya shiga nema da sunan yaro kaɗai zai yi ta jin "babu" daga ofis zuwa ofis, alhali takardar tana nan a ajiye da sunan wata.

Daga gida na fara. Kakannina duka sun rasu, kuma Hajiya, mahaifiyar Umma, ba ta taɓa yarda a yi wannan hira da ita ba. Da an ɗauko zancen sai ta miƙe ta ce za ta duba tukunya. Abin da ya rage shi ne akwatin ƙarfen Alhaji, mahaifin Umma, da ke ɗakin Kawu a Zariya. Na roƙi Kawu ya buɗe ya ɗauki hoton duk wata takarda da ke ciki, gaba da baya, ya turo mini ta WhatsApp. A ciki aka samu ƙullin guntayen fasal oda, wato ɓangaren da mai aika kuɗi ta gidan waya yake yagewa ya riƙe a matsayin shaida, kowanne na fam uku, da hatimin wani gidan waya na kudancin Landan. Wurin sunan mai karɓa tawada ta kwanta, harafin farko kawai ake iya karantawa. Sai wani hoto na Umma tana 'yar shekara uku sanye da rigar sanyi, an aske mata kai ƙwal, tana riƙe da hannun wata mata da hoton ya yanke daga kafaɗa. A bayan hoton akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan wani ƙaramin gari na bakin teku a kudu maso gabashin Ingila. Gwaggo, ƙanwar Alhaji, ta ƙara da abin da ta ji daga bakin Hajiya tun da daɗewa: ranar Lahadi suke hawa jirgin ƙasa daga tashar Victoria su je su gan ta, sau ɗaya a wata idan kuɗi ya samu. Ita kanta Umma abin da take tunawa bai wuce ƙaurin gawayin murhu, da kukan tsuntsayen teku, da wata yarinya babba da take goya ta a wuya ba. Da waɗannan na fita: sunan gari, harafi ɗaya, da fam uku.

Matakin farko a hukumance shi ne takardar haihuwa. Ingila da Wales sun fara rajistar haihuwa ta gwamnati ranar 1 ga Yulin 1837, kuma babban ofishin rajistar, wanda ake kira GRO, yana Southport. Ba sai mutum ya je ba, ta intanet ake komai. Kafin a yi oda, ana duba jerin sunaye kyauta a shafin FreeBMD don a samo lambar kundi da ta shafi. Jerin wancan zamani kashi huɗu yake a shekara, wata uku-uku, kuma iyaye suna da kwana 42 su yi rajista, saboda haka wanda aka haifa a ƙarshen Maris yana iya faɗawa cikin kashin da ke biye. Matsalarmu Hausawa a nan ita ce suna. Magatakardan Bature yana so a ba shi sunan iyali, mu kuwa a lokacin ba mu da wannan tsari, don haka wani ya ba da sunan mahaifinsa, wani sunan garinsu, wani kuma an juya sunansa na yanka ya zama na iyali. Muhammadu kaɗai ana iya samunsa da rubutu iri huɗu ko biyar. Na samu Umma a ƙarƙashin sunan garin Alhaji, sunan da ba wanda yake kiran gidanmu da shi yau. Na biya fam 12.50 a lokacin. Wanda bai kawo lambar kundi ba ana ƙara masa kuɗi kuma ya fi jira. Takardar ta iso ta gidan waya cikin mako biyu. Ba ta ce komai game da raino ba, kuma ba za ta ce ba, amma ta ba ni abu biyu masu amfani: adireshin ɗakin da kakannina suke haya, da ainihin yadda aka rubuta sunan Umma a takardun Turawa, wanda da shi ne zan yi nema daga nan gaba. Ga wanda bai sani ba, duk wanda aka haifa a Birtaniya kafin 1 ga Janairun 1983 ɗan ƙasa ne ta haihuwa, in banda 'ya'yan jami'an jakadanci, don haka wannan takarda tana da nauyin da ya wuce na tarihin iyali.

Daga nan na tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, a yammacin Landan. Tana buɗewa daga Talata zuwa Asabar. Shiga kyauta ne, katin mai karatu ma kyauta, amma sai an nuna shaida biyu, ɗaya ta suna ɗaya ta adireshi. Jaka da biro ana barinsu a loka, fensir kawai da waya ake shiga da su, kuma an yarda a ɗauki hoton takarda muddin ba a kunna fitila ba. A kwamfutocin wurin ana shiga Ancestry da Findmypast, shafukan binciken tarihin iyali, ba tare da biyan ko kwabo ba, abin da a gida sai an yi rajistar wata-wata. Jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka shigo Birtaniya yana cikin rukunin BT 26, daga 1878 zuwa 1960, na masu fita kuma BT 27. A nan na ga Alhaji, ya sauka Liverpool a 1960 cikin jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Apapa, an rubuta sana'arsa ɗalibi. Na daɗe ina kallon layin nan. Hajiya kuwa ba ta ciki, domin bayan shekara ta biyo shi, jerin kuma a 1960 ya tsaya. Komawarsu gida da Umma ma babu ita saboda wannan dalili. Sauran yinin na ƙarar da shi kan fayilolin ma'aikatun gwamnati da suka shafi rainon 'ya'yan ɗaliban Afirka ta Yamma. Ba sunan kowa namu a ciki, amma su suka sa na daina ganin laifin kakannina. Ɗalibi da matarsa suna ɗaki ɗaya, masu gidajen haya da yawa ba sa karɓar baƙar fata balle mai jariri, gidajen raino na gwamnati kaɗan ne, ita matar ma karatu take ko aikin dare. Sai su duba tallan da ake sakawa a mujallar Nursery World, wadda tun tsakiyar shekarun 1950 ta zama mahaɗar iyaye 'yan Afirka da matan Turawa masu neman abin rufin asiri, ko su bi katin da aka liƙa a tagar kantin jarida. A 1961 har ƙungiya aka kafa a Landan don taimaka wa 'ya'yan ɗaliban ƙasashen Kwamanwel, saboda abin ya yi yawa. Na tabbata a wurin Alhaji da Hajiya abin bai yi kama da baƙon al'amari ba, tunda a gida ma ana ba da riƙo. Sai dai riƙonmu na dangi ne, ba a biya, kuma idon kowa yana kan yaron. Wannan kuwa baƙuwa ce da aka samo ta talla, a garin da ba ka da kowa. Fayilolin ba su ɓoye cewa wasu yaran sun wulaƙanta ba, wasu kuma sai da aka je kotu domin mai rainon ta ƙi sakinsu.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin rai. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta ba kowane mai rai damar neman duk abin da wata hukuma ta rubuta a kansa, kyauta, kuma dole a amsa cikin wata ɗaya, ko a ƙara wata biyu idan aikin yana da yawa. Haƙƙin na mai bayanin ne, ba na 'ya'yansa ba, saboda haka sai da Umma ta sa hannu a takardar wakilci, aka haɗa da hoton fasfonta da takardar da ke nuna adireshinta, na tura wa sashen kula da yara na majalisar gundumar da garin yake ciki. Suka amsa cewa sun karɓa. Wata ya cika, suka ce suna buƙatar ƙarin lokaci. Duk ranar Juma'a Umma sai ta kira ta ce, "Ya ake ciki da mutanen naki?" ni kuma in ce, "Umma, sai dai a ƙara haƙuri." Da wa'adin ya ƙare sai ga wasiƙa mai layi huɗu: sun duba, ba su da wani fayil da wannan suna. Ranar ban iya kiran gida ba. Ba ƙarya suka yi ba, daga baya na gane. Ƙa'idar ajiye fayil shekara 75 ta shafi yaran da hukuma da kanta ta ɗauka ta ba da riƙonsu ne, ita ma ba ta fara aiki ba sai 1991. Yaron da iyayensa suka kai da hannunsu suka kuma biya da aljihunsu ba ya cikin wannan lissafi. Ga kuma sauye-sauyen da suka watsa takardu: an rushe majalisar gundumar Landan a 1965, an narkar da sassan kula da yara cikin sashen jin daɗin jama'a a 1971, an sake shata iyakokin gundumomi a 1974. Kowane sauyi an kwashe kwalaye daga wani gini zuwa wani, an ƙona waɗanda aka ga ba su da amfani. Abin da na ga bai dace ba shi ne wasiƙar ba ta ce mini ko kalma ɗaya game da inda zan dosa ba, alhali wanda ya rubuta ta ya san akwai wani wurin.

Wurin shi ne ma'ajiyar tarihi ta gundumar, wadda ita ma ƙarƙashin majalisar take amma ofishinta daban. Na aika imel na kama kujera, na je da katin shaida. Ma'aikaciyar da ke kan tebur, wata dattijuwa mai gilashi rataye a wuya, ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni, "Sunan mai rainon kike da shi, ko na yarinyar?" Na ce na yarinyar. Ta ce to shi ya sa. Ta ja kujera ta yi mini bayanin da na zo na tabbatar da shi a littattafan dokoki daga baya, kuma ya kamata duk mai wannan bincike ya san shi. Raino don kuɗi tsohon abu ne a Ingila. Dokar matalauta ta 1834 ta ɗora nauyin ɗan da aka haifa ba aure kan uwar kusan ita kaɗai, sai 'yan aikatau da ma'aikatan masaƙa suka riƙa miƙa jariransu ga matan da ke karɓar kuɗi, wasu duk mako, wasu dunƙule sau ɗaya. Biyan dunƙulen nan shi ne masifa, domin da zarar kuɗi ya shiga hannu, mutuwar jaririn riba ce. An rataye Margaret Waters ta unguwar Brixton a watan Oktoban 1870 bayan an samu jarirai suna mutuwa da yunwa a gidanta, abin da ya haifar da dokar kare rayuwar jarirai ta 1872. Dokar ta ce duk mai karɓar jariri fiye da ɗaya 'yan ƙasa da shekara ɗaya don lada sai ta yi rajistar gidanta. An rataye Amelia Dyer a kurkukun Newgate a watan Yunin 1896 bayan an tsamo gawarwakin jarirai daga kogin Thames a Reading, sai dokar 1897 ta ɗaga shekarun zuwa biyar. Dokar yara ta 1908 ta kai su bakwai, ta haɗa har da mai yaro ɗaya, ta sa a naɗa masu zagayen duba gidaje, ta kuma hana mai raino yi wa ran yaron inshora. Wadda ta shafi Umma ita ce dokar 1958, wadda ta wajabta wa mai raino don lada ta sanar da majalisa kafin ta karɓi yaro, jami'ar kula da yara kuma ta riƙa leƙawa. A duk tsawon shekarun nan, wanda doka ta sa wa ido shi ne mai karɓa da gidanta, don haka da sunanta da adireshinta ake jera katunan. Mata da yawa ma ba su taɓa sanarwa ba.

To ta ina za a samo sunan matar? Ma'aikaciyar ta ce tunda Umma ta kai shekara biyar a garin, dole ta shiga makaranta, kuma rajistar shiga makarantar firamare tana da gurbin sunan uba ko mai riƙo, da adireshi. Irin wannan rajista a rufe take ga jama'a saboda masu sunayen suna raye, ba za a ba ni in buɗa da hannuna ba, amma da takardar wakilcin Umma ma'aikatan za su duba su kwafo mini layinta kaɗai. Na cike fom, na biya kuɗin bincike na awa guda, na koma bakin aikina. Makarantun ƙananan yara na garin ba su da yawa, na biyun da suka buɗe aka same ta. Imel ɗin ya shigo ina tsakiyar aikin dare. Layi ɗaya ne da rubutun hannu: ranar shiga a 1967, sunan Umma an rubuta shi da kuskure, ranar haihuwa daidai, sunan mai riƙo da ya fara da harafin nan na jikin fasal oda, lambar gida da sunan titi, sannan a gurbin dalilin fita an rubuta cewa ta koma Najeriya. Na shiga ɗakin shan shayi na ma'aikata na zauna, hannuna yana rawa. Da asuba na kira Zariya na karanta mata sunan. Ta yi shiru, sannan ta maimaita shi sau biyu, ta ce, "Haka ne. Wallahi haka ne."

Da suna da adireshi a hannu, ƙofofin da suka ƙi buɗuwa suka fara buɗewa. Na sake rubuta wa sashen kula da yaran nan, wannan karon na ce a duba rajistar gidajen raino da sunan matar. Aka sake jira, amma abin da ya zo kwafin kati ne gaba da baya. An shafe sunayen wasu yara uku da baƙar tawada, kamar yadda doka ta tanada, wanda ya nuna ba Umma kaɗai ta raina ba. Layin Umma yana nan: ranar da aka karɓe ta, fam uku a mako, da ranakun da jami'a ta ziyarci gidan, kowace ziyara da kalma ɗaya ko biyu, yawanci "lafiya lau". A wuri guda an rubuta cewa fatar yarinyar tana bushewa, an ba da shawarar mai. Nan na fahimci askin da ke cikin hoton: matar ba ta san yadda ake kula da gashinmu ba, ba kuma wanda ya nuna mata. Sai rajistar masu zaɓe, wadda ake bugawa duk shekara kuma titi-titi aka jera ta, ba suna-suna ba, shi ya sa ba ta da amfani sai an san adireshi. Ta nuna matar da mijinta a gidan tun daga shekarun 1950, sannan sunan wata 'ya ya bayyana lokacin da ta kai shekarun zaɓe, waɗanda 21 ne kafin a mayar da su 18 a 1970. Yarinyar nan ce mai goya Umma a wuya.

Na so in san ita kanta matar wace ce, sai na koma baya. Rajistar da aka yi wa fararen hula mazauna Ingila da Wales ranar 29 ga Satumban 1939, a farkon yaƙin duniya na biyu, ta ba ni ranar haihuwarta, kuma da yake hukumar lafiya ta ci gaba da gyara rajistar har 1991, sunanta na 'yan mata da na aure duk suna kan layi ɗaya. Da sunan 'yan matan na shiga ƙidayar 1921, wadda ita ce ta ƙarshe da aka buɗe. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a yi a 1941 ba, sauran kuma sai sun cika shekara ɗari. Ƙidayar 1921 ta tambayi ko iyayen duk yaron da bai kai 15 ba suna raye. Na same ta tana 'yar shekara takwas a gidan wani ma'aikacin gona a ƙauye, sunanta daban da na masu gidan, an rubuta uwa da uba duk sun rasu, dangantakarta da maigidan kuma 'yar raino. A takardun ƙidaya kalmar da za a nema ita ce "nurse child" ko "boarder" a gaban sunan ƙaramin yaro. Tun 1870 gwamnati ta ba wakilan kula da matalauta izinin fitar da marayu daga gidajen aikin matalauta su kai su ƙauyuka, ana biyan mai riƙo abin da bai wuce sule huɗu a mako ba a farkon tsarin. Littafin wakilan yankinta yana ma'ajiyar gundumar, a buɗe tunda ya haura shekara ɗari, kuma sunanta yana ciki da kuɗin takalmi da aka fitar mata. Ashe matar da aka biya ta raini Ummata ita ma biya aka yi aka raine ta. Wanda yake neman kakan da aka yi riƙonsa kafin 1927 ya sani cewa babu rajistar ɗaukar ɗa a hukumance kafin wannan shekara, domin dokar 1926 ce ta fara kawo ta. Littattafan wakilan matalauta, da ƙidaya, da rajistar makaranta su ne madogara.

Neman masu rai ya fi sauƙi a takarda, ya fi nauyi a zuciya. Jerin wasiyyoyi na gwamnati, wanda ya faro daga 1858 kuma ake dubawa kyauta a intanet, ya nuna shekarar rasuwar matar da adireshinta na ƙarshe. Jerin aure ya ba ni sunan da 'yarta ta koma amsawa. Ban buga ƙofa ba, ban kuma neme ta a Facebook ba. Wasiƙa na rubuta da hannu, gajeriya, na faɗi ko ni wace ce, na saka kwafin hoton nan, na ce ba ma neman komai sai gaisuwa da godiya, idan kuma ba ta so ba za mu sake damunta ba. Wannan jimla ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin wasu iyalan suna tsoron ƙara ce ko neman gado. Amsa ta zo bayan 'yan makonni, da lambar waya. Da na je, tsohuwa ce mai sanda, ta tare ni a bakin ƙofa da kwalin takalmi cike da hotuna. A ciki akwai wasiƙar Alhaji ta 1962 da kyakkyawan rubutunsa, yana roƙon kada a ba yarinyar naman alade, kada kuma a yi mata baftisma. Ta ce mahaifiyarta ta kiyaye duka biyun, har tukunya daban ta ware mata. Ta kuma faɗa mini abin da ba ya cikin kowace takarda: ranar da aka zo ɗaukar Umma ba a gaya wa yarinyar tafiya ce ta har abada ba, an ce mata za a je ganin jirgin ruwa ne, mai rainon kuma ta yi wata guda ba ta shiga ɗakin da Umma take kwana ba. Umma ta sauka Apapa ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, tana kiran Hajiya da "anti". Na haɗa su ta bidiyo a wayata, ɗaya a Zariya ɗaya a gefena. Turancin Umma ya tsaya mata a maƙogwaro, ita ma waccan kuka ya hana ta magana, sai ɗaga wa juna hannu suke yi.

Ga mai shirin bin wannan hanya, jerin da zan ba shi ya bambanta da wanda na bi. A fara da takardun gida, a kuma duba bayan kowane hoto da kowace ambulan, domin hatimi ya fi ƙwaƙwalwar mutane riƙe sunan gari. A nemi takardar haihuwa don a san rubutun sunan da Turawa suka yi amfani da shi. Daga nan a wuce kai tsaye ma'ajiyar tarihi ta gundumar da aka yi rainon, a nemi rajistar makaranta, ko ta asibitin yara idan yaron bai kai shekarun makaranta ba, sai an samu sunan mai rainon da adireshinta sannan a rubuta wa sashen kula da yara, kuma a ambaci rajistar gidajen raino a cikin wasiƙar ƙarara. Takardar wakilci a shirya ta tun farko, da sa hannun mai bayanin da kwanan wata, a yi kwafi da yawa, don kowane ofis zai nemi tasa; idan mai bayanin ya rasu, wancan haƙƙi na neman fayil ya faɗi, sai dai a roƙi alfarma da takardar mutuwa da shaidar dangantaka. Yawancin wannan aiki ana iya yinsa daga Kano ko Kumasi ta imel, tunda ma'ajiyoyin gundumomi suna yin bincike a madadin mutum idan ya biya kuɗin awa, sai dai biyan yana buƙatar katin banki da ke aiki a waje. Kuɗin jirgin ƙasa ne ya fi cin aljihuna, ba na takardu ba.

A kuma shirya wa dattijon da ake yi wa binciken tun kafin takardu su fara zuwa. Mu mun dace da gida mai mutunci, amma katin da aka aiko mana yana iya zuwa wa wani da labarin duka ko yunwa, ko ya tayar da tambayar da ba a taɓa yi wa iyaye ba suna raye. Na riƙa karanta kowace takarda ni kaɗai tukuna, sannan in kira Kawu ya je ya zauna kusa da Umma kafin in karanta mata. Sunaye ukun da aka shafe a katin har yanzu suna damunta, tana cewa 'yan uwanta ne na ɗaki ɗaya. Hukuma ba za ta ba mu su ba, amma ma'ajiyar gundumar ta karɓi wasiƙa daga gare ta ta ajiye tare da katin, da izinin a miƙa wa duk wanda ya zo nema da sunan wannan gida.